Matakala Uku

Injin fasa kankaren ya sake ɗaukar zafi, ya mutu a hannunsa. Mai araha ya saya. In ya yi minti goma yana ruri, sai ya huta rabin awa.

Matakala uku ce a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ga shi likita ya ce daga yanzu sai dai a keke. Ya rantse ba za ta dawo daga asibiti ba sai ya fasa su, hanya ta kwanta sumul.

"Mama, ki ƙara haƙuri, saura ɗaya," ya ce mata a waya.

"Kai dai zo ka ɗauke ni, na gaji da gadon nan. In matakala ce, goya ni. Ni ban goya ka ba?"

Ya yi dariya, ya ce jibi.

Jibin ya zama mako. Yana kwashe ɓaraguzan ƙarshe ƙanwarsa ta kira tana kuka, ta ce Mama ta rasu.

Shi ya ɗauko Mama daga mota, lulluɓe da zane, ya bi sabuwar hanyar da ita. A hannunsa, ko nauyin injin bai ji ta kai ba.