Shayin Sidati a Bakin Kogo

Uwa ta uku ke nan da Mbarek ya jawo gawarta daga ruwa, igiyar raga ta shaƙe mata wuya. A cikin kogo ɗanta yana ta kuka.

Aikin Mbarek gadin karnukan teku ne, dabbobin ruwa masu shayar da 'ya'yansu, a gaɓar Nuwadibu, inda aka hana kamun kifi. Daga kan dutse yake tsaro, amma bayan tsaunin da ya shiga ruwa ido ba ya kaiwa, sai kunne. Shugabar masu gadi ta riga ta gaya masa, in aka sake samun gawa, ya ajiye madubin hangensa ya koma gida.

Da ba don Sidati ba, da baƙin ciki ya kwantar da shi. Nono ɗaya suka sha. Tun da ciwon gwiwa ya raba Sidati da teku, yakan hawo dutsen da butar shayi da rediyonsa, ya ƙure muryar rediyon, ya yi ta juye shayi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi.

"Dabbobin nan naka ba su san waƙa ba," in ji shi. "Da na kunna sai su watse."

"Fuskarka suke gudu, tsohon banza."

Haka kuwa abin yake, duk zuwansa sai ruwa ya yamutse.

Sidati ne ya fara ambaton Dahi, abokin gadin Mbarek. "Ni dai ban ce komai ba. Amma surukinsa mai kwalekwale ne." Mbarek ya juya maganar a ransa, ya kai ta gaba. Aka sallami Dahi, ya tafi bai ko waiwayo ba, yana da 'ya'ya ƙanana. Mbarek ya daina bin layin gidansu.

Bayan sati kaɗan wata likitar dabbobi ta zo duba marayun karnukan tekun. Tana shafa kan ɗaya ta ce, "A tudu kunnensu da ɗan nauyi. Amma a ƙarƙashin ruwa, sai su ji inji tun yana can nesa, kafin kai ka ji."

Ran nan da hantsi Sidati ya iso, ya hura gawayi, ya kunna rediyo. Mbarek ya leƙa ƙasa. Karnukan tekun da ke kwance a kan yashi, daidai ƙarƙashin rediyon, suna ta barci, ko motsi babu. Na cikin ruwa ne suka firgita, suna tura 'ya'yansu cikin kogo.

"Ina za ka? Shayi zai huce."

"Zan kama ruwa, ina zuwa."

Ya bi igiya ya sauka ta bayan dutse, ya tuɓe riga, ya tsoma kansa cikin teku. Sanyi ya soke shi. Sai ya ji shi, gurnanin inji, a hankali, daga bayan tsauni.

Ya hau duwatsu da rarrafe har ya hango su: kwalekwale, mutum biyu da fuska a rufe, suna zuba raga. Ashe ba Dahi ba ne. Shi kaɗai ba zai iya tare su ba, sai an kira jirgin sintiri, ga wayarsa can sama kusa da butar shayi.

Ya juya zai ƙwala wa ɗan'uwansa kira ya taimake shi.

Can kan dutse, Sidati mai ciwon gwiwa yana tsaye cak a kan ƙafafunsa, ya warware rawaninsa, yana kaɗa wa masu kwalekwalen da hannu biyu, su gudu mai gadi ya sauko.