Hular Ɗan Takara

Duk wanda ya zauna majalisarmu a Ƙaura ya san ni na naɗa tsohon ciyamanmu, da hannuwan nan nawa, ina ɗan shekara tara.

Mahaifina wankin hula yake yi kusa da tashar jirgi. Lokacin ciyaman yana ɗan takara, mu ke wanke masa huluna. Wata Laraba ya aiko da hularsa zanna, ya ce da la'asar zai saka ta zuwa taro a Kurya. Baba ya tafi azahar, ni kuma na ga tana jiƙe, sai na taimaka. Na ɗora ta kan gungumen da ya fi kowane girma, wanda muke busar da hular wani mahauci mai kai kamar tulu. Har yau idan na ji ƙamshin sitaci sai na yi dariya ni kaɗai.

Mutumin ya zo, ya kifa hula, ta zarce har ta rufe kunnuwansa. Baba ya duƙa yana laluben takalmi, ni ina laluben ƙofa.

"Bar shi, Malam," in ji ɗan takara, yana dariya. "Wanga yaro ya yi man gata. Yau ba ni jin zagin 'yan adawa."

Haka ya tafi taron, mutane suka yi ta tafi. Da ya ci zaɓe na ruga na ce wa Baba aikina ne.

Bai ko ɗago ba ya ce, "Aikinka ne kam. Tun ran nan bai sake kawo muna wanki ba."