Muryar Zalika a Cikin Rikoda

Zalika tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida sa'ad da Ablay ya yi sallama. Ɗalibi ne daga Senegal, wata uku ke nan da ya sauka gidan mahaifinta a Tasawa, yana tara waƙoƙin mata cikin rikoda. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mutane sun ji daɗin waƙar, Zalika. Har kumandan mai mulkin gari sai da ya tafa."

Ta watsar da ɓawon da ke hannunta. Waƙar daka ce da ta rera mashi shi kaɗai a bayan rumbu, ta saka sunanshi a ciki. Jiya ya kunna ta a taron ban kwana da aka shirya mashi, gaban dattawa, mahaifinta na sahun gaba.

"Baba ya kasa fita kasuwa yau saboda kunya. Ka sani?"

Ablay ya durƙusa. "Zan gyara. Yau ɗin nan zan aika a nema mani aurenki."

Sai lokacin ta dube shi, idanunta jawur.

"Kai na yi ma waƙar nan, ka ɗauka ka ba gari. To, je ka garin ya aure ka. Aje mani kaset ɗin muryata nan, ka fita."