Karkataccen Karas

"Kin gani ko?" in ji shugaban makaranta, yana nuna yarinyar da ta ƙi taɓa kwanonta. "Abincin gwangwani suka saba da shi."

Shekara uku mai girkin tana kai gwauro tana kai mari kafin a yarda ta sayo kayan lambu daga gonakin bayan makaranta. Yau ce ranar gwaji.

Ta durƙusa. "'Yata, ba daɗi ne?"

Yarinyar ta ɗago wani karkataccen karas. "Na Babanmu ne. Gonarmu duk tsakuwa ce, nasa kaɗai ke lanƙwashewa haka. Shi ya shuka, Allah bai nuna masa girbi ba."

Ta mayar da shi a hankali. "Zan ci, Inna. Bari dai in ƙara kallonsa."