Tsagar Inna

Tun da aka kafa dokar gyaran hoto, duk hoton da ya hau waya sai ya fito sumul, ba tabo ba tsaga. Shi ya sa Tanimu bai taɓa kashe tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa ba, bai kuma yarda ta ji ƙanshin intanet ba. Shekara goma sha biyu tana gurnani, da hotunan gidansu kaf a cikinta.

Ran Talata ƙanwarsa Barira ta zo neman hoton marigayiya mahaifiyarsu, za a buga a kalandar bikin 'yarta.

Ya buɗe mata. Ga Inna a bakin murhu tana dariya, tsagar Gobirawa raɗau a kumatunta.

Barira ta duba wani hoton Inna da ke wayarta, ta sake duban allon.

"Yaya, wa ya ɓata mata fuska haka?"

"Tsagarta ce mana. Wadda kike ƙirgawa da yatsa in ta ɗora ki a cinya."

"Haba, Yaya! Inna ba ta da tsaga." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Kai abin nan gyara, ya tsufa."

Da ta fita, Tanimu ya rufe ido ya tuno fuskar Inna. Sumul ta zo masa.

Ya duƙa da sauri ya ƙara danna filogin a bango.