Takardun Attajiri

Yau ma mai sharar coci ta ga attajirin ya faki ido ya cusa takarda ƙarƙashin mutum-mutumin Maryamu. Mutumin da ya yi wa cocin rufi, me ya sa yake lallaɓowa bayan kowa ya watse?

"Fada, anya ba asiri yake binne mana ba?" ta tambayi limamin cocin.

"Mama, yi shararki," in ji Fada.

Ba ta haƙura ba. Motar attajirin na tashi ta zaro takardun. Duk magana ɗaya ce: "Uwa, na durƙusa, addu'a ta ƙi fitowa. Roƙa mini Ɗanki, ni ba ni da abin kawo masa."

Ta mayar da su, ta jingine tsintsiya, ta durƙusa daidai inda ya tashi.