Maɓalli na Uku

Maɓallai huɗu ne a goshin amfilifayar Maijita: na ƙara, na kaurin sauti, na siririn sauti, sai na amsa-kuwwa. Na ukun nan, shekara biyu ke nan yana murɗa shi har ƙarshe, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Yau kuwa, yana taɓa jitar a ɗakin gwaji, mawaƙiyar ƙungiyarsu ta toshe kunnuwa. Mai ganga ya ajiye sanduna.

"Baba, rage siririn nan, zai fasa mana kai," in ji shugaban ƙungiyar.

"Kullum a nan yake. Yau kuka san shi?"

Ya sake kaɗawa, ya kasa kunne. Sautin nan ne dai na kullum, lafiya lau. Duk da haka ya rage ƙara, ya ƙara kauri, ya canza waya, ya juya amfilifayar ta fuskanci bango. Na ukun ne bai taɓa ba, don shi mutum ne da ba a koya masa sana'arsa. Mawaƙiyar ta ɗauki jaka ta fice.

Shugaban ya ja shi gefe. Jibi za su ɗauki waƙa a gidan rediyo, in abin bai gyaru ba, wani za a nemo. Shekara talatin Maijita yana riƙe da kujerar nan. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

A gida ya zauna gaban amfilifayar yana ƙunƙuni, har matarsa ta fito daga wanka da gudu ta sauke butar shayin da ke ta yin fito kusa da shi. Ta dube shi, ta wuce ɗaki.

Shi dai ya san mai laifi. Ƙanensa Auta ne ke duba masa amfilifayar tun fil azal. Da Auta ya yi tafiya, ramin da ake soka wayar jita ya soma rawa, sai ya kai wa wani sabon mai gyara a bakin titi. Ga sakamakon nan.

Da safe ya dire amfilifayar a teburin mutumin. "Ramin waya na ce ka ɗaure. Me ka ɓata mini?"

"Ban ɓata komai ba, Baba. Kyauta ma na yi maka. Na ga wayar maɓalli na uku a yanke, an naɗe ta da salatif, na haɗa ta. Sai da na rufe na tsinci wannan a ƙasa."

Ya miƙo wata 'yar takarda da zafi ya dafa. Maijita ya gane rubutun Auta tun kafin ya karanta.

"Don Allah kada a haɗa wannan waya. Yayana ya daina jin siririn sauti, kuma mun kasa gaya masa."